Waken Nuni

Na soya ƙosai a bakin Ƙofar Guga tun ina da goyo har furfura ta fara leƙo mani, kuma ba tsufa ne ya tashe ni daga gaban kasko ba. In aka tambaye ni a wurin suna ko gaisuwa, "Hajiya, mi ya raba ki da ƙosai?" sai in ce hayaƙi ne ya kama mani ƙirji. Ba hayaƙi ba ne. Gajiya na yi da yi wa mutane bayani suna kallon ƙofa. Tunda Allah ya nufa na koyi riƙon alƙalami da girmana, bari in faɗa wa takarda. Ita ba ta katse mutum, ba ta kuma yi mashi dariya.

Wurina gindin wani bedi ne, kuma ba ni kaɗai ba ce a inuwar. Akwai wata baiwar Allah mai koko. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ta laƙaba mani Sarkin Baki. Ba dangin iya ba na baba, sana'a ce ta haɗa mu, don koko ba ya tafiya sai da ƙosai. Muna da wata al'ada tsakaninmu: zubin farko nata ne. Kafin in sallami kowa sai na tsamo mata nata da zafinsa, ta gutsura, ta lumshe ido, ta yanke hukunci.

"Yau kin yi rowar gishiri."

"Harshenki ne ya tsufa, Yaya."

"Harshen nan shi ya gyara maki hannu, mara kunya. Da can ƙosanki jifar kare ake yi da shi."

Haka muke buɗe kowace safiya, masu saye na tsaye da kwanoninsu suna dariya.

A shekarar da sojoji suka koma bariki, gari ya cika da hotunan 'yan takara, har jikin bedinmu sai da aka manna wani mai ƙaton tumbi. Rediyo kullum cewa take yanzu talaka zai yi magana a ji. Ni dai wake nake saye a Babbar Kasuwa, wurin wani Alhaji da na daɗe ina ciniki da shi. A ƙauyen mahaifina, in za a ajiye wake, a cikin kwansonsa ake barin sa, ko a cuɗe shi da toka da barkono a rufe tukunya da laka. Wannan ajiyar ci ce. Su kuwa manyan 'yan kasuwa ajiyar jiran tsada suke yi, buhu kan buhu har rufin sito, kuma toka ba ta isar masu. Sai suka koma zuba maganin feshi da wata hoda. Ana faɗa a bakin mata, amma ban taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba.

Rannan, damina ta kusa, lokacin da kowane wake ya kamata a ce ya fara huji, Alhaji ya buɗe mani wani buhu fari tas, ko tabo babu. Na ɗiba na shinshina, na ji kamar ɗan warin kananzir.

"Alhaji, wanga warin fa?"

"A mota ne, kusa da jarka aka ɗora shi. Kina wankewa zai tafi. Ke da ke neman mai kyau, ga mai kyau kuma kina bincike kamar alƙali."

Na surfa, na wanke har ruwa ya fita garau, na kai markaɗe. Da safe na buga ƙullu, ya tashi kamar auduga. Na tsamo wa Yaya nata. Ta ci, cikinta babu komai, ta ce akwai ɗan ɗaci a ƙarshe, ko albasata ce ta lalace. Na ce bakinta ne. Ta ƙara wani don ta tabbatar. Ni ina azumin ramuwa a ranar, ban sa ko ɗaya a baki ba.

Kafin hantsi ya dubi ludayi unguwa ta rikice. Wannan gida amai, wancan gida ciwon ciki. Yaya kuwa a gabana ta sulale daga kan kujerarta, gumi na karyo mata, yawu na zuba, idonta kamar ba ta gane ni ba. A bayan a-kori-kura muka kai ta asibiti, kanta a cinyata. Likita ya ce guba ce irin ta maganin ƙwari. Sauran mutane sun tashi bayan kwanaki. Ita ma ta tashi, amma hannunta na dama bai sake tsayawa ba. Rawa yake yi har ta koma ga Allah. Matar da ke dama koko ba gudaji ko ɗaya ta koma ba ta iya kai ludayi baki sai rabi ya zube a zane. Ɗiyarta ce ta karɓi damun, ita sai zama a gefe.

Ba a bar ni da wannan ba. Magana ta zagaya unguwa: ita mai ƙosan, mi ya sa ba ta ci ba? Azumin da na yi don Allah shi ya zama shaidar laifina. Matan da na yi wa wankan jego suka riƙa janye 'ya'yansu in na wuce.

Na yafa gyale na tafi Babbar Kasuwa. Ban yi sallama ba.

"Alhaji, mi ka zuba a waken nan?"

"Haba Hajiya, ina kwana ma babu?"

"Kwana na can asibiti. Mi ka zuba?"

Ya dubi maƙwabtansa na rumfa, ya gyara hula. "Abin da kowa ke zubawa. Ki tambaye su. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku ne fa in kun ga huji ɗaya kuke ture kwano ku ce a rage kuɗi. Wa zai zuba dukiyarshi ƙwari su cinye don ki ji daɗi? Ƙila dai yaran sito sun cika hannu. Tsautsayi ne, Allah shi kiyaye gaba."

Tsautsayi! Na faɗa mashi maganganun da ba zan rubuta ba, har aka riƙe ni. Amma a hanyar gida maganarsa guda ta tsaya mani a wuya, don gaskiya ce: mu ne ba mu son mai huji. Daga nan na juya ciniki. In na je kasuwa sai in tura hannu can cikin buhu in ɗebo, in baza a tafi, in jira. In na ga ƙwaro ya fito yana tafiyarsa lafiya lau, na saya. Abin da bai kashe ƙwaro ba ba zai kashe mutum ba. In kuwa wake ya yi tsit kamar maƙabarta, ko kyauta ne ba na so. 'Yan kasuwa suka mai da ni abin nishaɗi. "Ga mai sayen ƙwari nan, a fito mata da na dabbobi!" Ban kula su ba. Aiki ne ya ƙaru: in shanya a rana ƙwarin su gudu, in tsince, in zuba a ruwa waɗanda aka cinye cikinsu su taso in kwashe, sannan in surfa. Ƙullun ba ya auki kamar da. Amma ina kwana da zuciyata wuri ɗaya.

Ranar da na koma gindin bedi babu wanda ya matso. Mai ya yi zafi, na zuba, ƙosai ya yi ja, mutane na wucewa ta ɗaya gefen titi. Sai Yaya, daga kan tabarmarta, ta miƙo wannan hannun mai rawa.

"Sarkin Baki, ina nawa? Ko an soke al'adar ne ban ji ba?"

Na tsamo mata. Ta ci a gaban kowa, a hankali, tana kallon titi. Ta haɗiye ta ce da ƙarfi, "Har yanzu dai rowar gishirin na nan." Wani mai faci da ke tsallake ya yi dariya, ya tsallako da kwanonsa. Da haka ciniki ya dawo, kaɗan-kaɗan. A ranar na yi wa kaina alkawari: hannuna ba zai sake miƙa wa ɗan Adam abin da ban yarda da shi ba.

A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci na matan aure, da yamma. Malamarmu yarinya ce mai zafin nama. Wata rana ta shigo da murna ta ce majalisa za ta yi sabuwar doka a kan amfanin gona da tsaftar abinci, irin ta zamani, kuma an ce duk mai magana ya zo ya faɗa kafin a zartar. Ta dube ni ta ce, "Inna, ke ce za ki tafi. Abin da ya same ku shi ake son ji. Yanzu ba zamanin soja ba ne."

Na yarda da ita, kuma wannan ne ya fi ƙona mani rai har yau. Na ɗaura zanen sallata. Na ƙulla wake iri biyu a leda, mai huji da mai sheƙi.

Zauren majalisar sanyi kamar randa. Manya a gaba, mu mata a can baya kusa da ƙofa. A layin farko na hango Alhajina cikin babbar riga, shi da sauran shugabannin 'yan hatsi, suna gaisawa da onarabul-onarabul hannu bibbiyu. Aka yi ta Turanci. Malama na raɗa mani fassara: za a yi wa masu sayar da abinci rajista, za a riƙa duba lafiyarsu, za a hana sayar da hatsin da ya ruɓe ko ya yi ƙwari. Na jira in ji an ambaci magani. Sai can aka taɓo shi sama-sama aka wuce.

Da aka ce ko akwai mai magana cikin iyaye mata, ban jira an nuna ni ba. Na kwance ledata. Na ba da labarin Yaya. Na ce wannan mai hujin shi ne lafiyayye, wannan mai sheƙin shi ne ya kwantar da rabin unguwarmu. Na ce in kuka hana mai ƙwari kuka ƙyale mai zuba magani, to kun ce ma kowane ɗan kasuwa ya ƙara hannu ke nan.

Shugaban zaman ya yi murmushi ya jawo abin magana. "To, jama'a, kun ji. Hajiya ta zo neman a yi wa ƙwari doka su ma, kada a tauye masu haƙƙi. Dimokuraɗiyya ke nan!"

Zaure ya kwashe da dariya. Alhajina har da share hawaye. Aka ce an gode, za a duba. Aka kira wani.

A waje, wani ma'aikacin gona mai farar hula ya biyo ni. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, gaskiya kika faɗa, kuma babu wanda bai sani ba a cikin ɗakin nan. Mun rubuta a kama masu sayar da maganin barkatai, mun rubuta a sayo na'urar gwada hatsi. Sashen farko an sassauta shi, na'urar kuma an ce sai an samu hali."

"To da mi za a riƙa dubawa?"

"Da ido."

Da a ce jahilci ne ya sa suka yi mani dariya, da na yafe, don ni ma na zauna cikinsa na san duhunsa. Amma sun sani. Sun sani sarai, suka bar jaki suna dukan taiki.

Doka ta fito. Aka ba mu farar riga da ɗan kati, aka ce mu riƙa ajiye samfurin kayan da muke girki da shi a gaba, don duba-gari ya gani. Duba-garin da aka turo mana ɗan unguwa ne, na san ranar sunansa, da ƙosaina ya yi wayo. Ya zo cikin kakinsa, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya tura hannu a kwanon wakena. Ƙwaro ya hau mashi yatsa.

"Inna, wannan ai ya saɓa doka."

"Wannan ƙwaron ya fi ka aiki. Shi ne duba-garina."

"Inna, don Allah. Ni aike ne. Yau gargaɗi ne, in na sake gani kasko zan ɗauka."

"Ka je sito-siton Babbar Kasuwa ka shinshina?"

"Ba ɓangarena ba ne."

"Ɓangaren wa ne?"

Ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe yatsa.

Abin da na ce zai faru shi ya faru. Mai huji ya zama kayan laifi, 'yan kasuwa suka ƙara hannu, har ya zama sai na bi ƙananan masu kawowa daga ƙauye kafin in samu waken da ƙwaro ke rayuwa a ciki. Ina da bakuna da nake ciyarwa, ba zan iya rasa kasko ba. Sai na yi dabara. Na sayi tiya guda ta mai sheƙin nan, na zuba a kwano mai kyau na rufe da faifai, na riƙa ajiye shi a gaba. Shi ne waken nuni. Na gaskiyar kuwa a gida nake gyara shi, a ɓoye, ƙullu kawai ke fitowa. Duba-gari ya zo, ya ɗaga faifai, ya ga fari tas, ya ce madalla, ya wuce. Yaya ta riƙa tsokanata, "A gaida amaryar kwano, kullum cikin kwalliya, ba a taɓa ki." Wata da watanni wannan wake yana nan, ko ƙwaro ɗaya bai yi gigin kusantarsa ba. Ku duba mani wannan lamari: abinci mai kyau ina ɓoyonsa kamar kayan sata, guba kuma na ɗora ta a gaba da katin hukuma a jikinta.

Kullum in na tashi sai in koma da kwanon gida in tura shi can ƙarƙashin gado. Ban faɗa wa kowa ba sai Yaya, don sirrin da ya shafi hukuma ba a yawo da shi.

Ana nan ɗana ya yi aure, aka kawo mani suruka daga ƙauye, yarinya mai kunya da son aiki. Wata Juma'a na ce Yaya ta zo mu ci abincin rana tare, na ce wa amarya ta dafa shinkafa da wake, na fita kasuwa. Yarinya ta buɗe buhu ta ga wake duk huji. Tana shara ta taɓa ganin wani kwano a ƙarƙashin gado. A gidansu an koya mata cewa mai kyau shi ake ɓoye wa baƙi. Ta ce a ranta, ai wannan ne Inna ta tanada don ranar fita kunya.

Ina sa ƙafa a zaure na ji shi. Tururi ya fito da warin nan da hancina ba zai manta ba har kabari. Na watsar da kayan hannuna na ruga. Tukunya na tafasa, Yaya na zaune a tabarma tana jira, amarya ta ɗebo a ludayi tana hurawa za ta ɗanɗana gishiri. Na buge ludayin ya yi sama. Na sa ƙafa na ture tukunyar, ruwan zafi ya watsu mani a ƙafa, tabon na nan har yau.

Yarinya ta durƙushe tana kuka. "Inna, mi na yi? Wallahi mai kyan na zaɓa."

"Na sani, ɗiyata. Mai kyan kika zaɓa. Tashi, ba ke ba ce."

Yaya ta dubi waken da ya watse a ƙasa. Ta sa hannun hagu ta danne na daman a cinya, don rawar ta ƙaru.

Na haƙa rami mai zurfi a bayan ɗaki na binne shi duka, dafaffe da ɗanye, kada kaji su tona. Ina haƙa ina zagi. Ban zagi yarinyar ba, ban zagi ƙaddara ba. Na zagi masu babbar riga da suka zauna cikin sanyi suka tsara yadda mace irina sai ta ajiye guba a ƙarƙashin gadonta kafin a bar ta ta nemi halal.

Da sati ya zagayo na cika kwano da mai hujina, na ajiye a gaba, ko faifai ban rufa ba. Duba-gari ya iso, wannan karon da wasu abokan aikinsa a mota. Ya leƙa, ya yi saurin tsugunnawa kamar mai gaisuwa.

"Inna, ina wancan farin?" Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ɗauko shi ki ɗora, in gani in wuce."

Na dube shi. "Ashe ka sani."

"Inna, wata nawa ina ganin wake ɗaya a kwano ɗaya? Kowa haka yake yi. Ki rufa mani asiri, da manya nake tafe."

"Na binne shi. Wannan nake soyawa, wannan za ka duba."

"Kasko fa zan ɗauka."

"Bari in juye maka man, kada ka ƙone. Uwarka ba za ta yafe mani ba."

Na sauke, na juye mai a galan, na naɗe kunnen kaskon da tsumma na miƙa mashi. Ya karɓa bai ɗago ido ba. Kafin nan na riga na tsame zubin farko, yana cikin matsami. Na kai wa Yaya. Ta ci ana loda kaskona a bayan mota.

"Sarkin Baki," in ji ta, "yau gishiri ya yi daidai."

An ce in je ofis in nemi afuwa, in yi alkawarin gyarawa, a mayar mani da kayana. Gyaran da suke nufi na sani: ko in soya mai sheƙi, ko in sake ajiye shi don nuni. Ban je ba. Na koma ƙulla kuka da kuɓewa busassa a cikin gida, abin da ke shigowa bai kai rabin na da ba. Ɗiyar Yaya ta ɗauke tukunyar kokonta ta koma kusa da wata mai ƙosai a Ƙofar Durbi, ban ga laifinta ba. Yaya kuwa ba ta sake sa ƙosai a baki ba, ko na gidan biki ne. In an miƙa mata sai ta ce haƙoranta ne.

Ban san inda kaskon nan ya ƙare ba. Ba na tagulla ba ne, baƙin ƙarfe ne, na uwata. Har gobe in na shiga Babbar Kasuwa sayen na miya, sai na tura hannu a buhun wake na baza a tafi ina jira. Jikata ta ce in daina, ina ba ta kunya. Na ce ta matsa can, ƙwaro nake nema.